Tsakanin Hauka da Zargin Maƙarƙashiya: Wa Kotu Za Ta Sallama?

Ran 20 ga watan Janairu 1843, Edward Drummond, sakataren Firayim Ministan Ingila Robert Peel, yana tafe a ƙasa a unguwar Whitehall ta birnin Landan, sai wani mutum ya biyo shi ya harbe shi a baya da ƙaramar bindiga. Nan take ɗan sanda ya damƙe maharbin. Da farko an ɗauka raunin ba mai tsanani ba ne, amma bayan kwana biyar Drummond ya cika. Wanda ya yi harbin kuwa sunansa Daniel M'Naghten, wani masassaƙi daga Glasgow ta ƙasar Sikotilan, kuma galibin masu tarihi sun tafi a kan cewa Peel ya yi niyyar kashewa, ya ɗauki sakatare a matsayin maigida.

Da aka gurfanar da shi, M'Naghten bai yi musu ba. Ya ce 'yan jam'iyyar Tori, watau jam'iyyar Peel, su suka tilasta masa, domin sun daɗe suna binsa duk inda ya sa ƙafa, sun hana shi barci, sun bi shi har Faransa, kuma nufinsu su hallaka shi. Shaidu sun tabbatar da cewa tun kafin wannan rana ya sha kai kuka ga hukumomin garinsu a kan 'yan leƙen asirin da ya ce suna bibiyarsa. A watan Maris aka yi shari'a a kotun Old Bailey. Likitoci suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya suna shaida cewa mutumin nan ruɗin ƙwaƙwalwa ne ya mallake shi, masu gabatar da ƙara kuma ba su kawo ko likita guda da zai ƙaryata su ba. Babban Alƙali Tindal ya tsayar da shari'ar, aka yanke cewa ba shi da laifi saboda hauka, aka kai shi asibitin mahaukata na Bethlem.

Hukuncin bai yi wa jama'a daɗi ba, Sarauniya Biktoriya ma, wadda aka taɓa harbi a 1840 aka kuma sallami maharbin da irin wannan dalili, ranta ya ɓaci. Saboda haka Majalisar Dattawan Ingila ta tara manyan alƙalai ta yi musu tambayoyi, amsoshin da suka bayar kuwa su ne ake kira Ƙa'idojin M'Naghten. Jigonsu shi ne, ana ɗaukar kowane mutum mai hankali ne sai an tabbatar da akasin haka. Wanda zai kare kansa da hauka dole ya nuna cewa a daidai lokacin da ya aikata abin, wata cuta ta hankali ta hana shi sanin ainihin abin da yake yi, ko kuwa ta hana shi sanin cewa abin laifi ne.

Waɗannan ƙa'idoji ba su tsaya a Ingila ba. Sun shiga dokar laifuffuka ta Indiya ta 1860, daga can suka bi ta Sudan suka iso Jihar Arewa ta Nijeriya, inda sashe na 51 na dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960, ya ɗauki kusan wannan ma'auni. Dokar laifuffuka ta Kudancin Nijeriya, a sashe na 28, ta ƙara abu guda, watau cutar da ke hana mutum iya kame kansa. Ke nan masassaƙin Glasgow yana da hannu a yadda ake shari'ar masu taɓin hankali a Kano da Kaduna, ko da yake ɗauke wa mahaukaci alhakin aikinsa ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa, tun da malaman fiƙihu sun zayyana shi ƙarnuka kafin a haifi M'Naghten.

Akwai wani yanki na amsar alƙalan 1843 da ɗalibai ba su cika kula da shi ba, alhali shi ya fi shafar wannan batu. An tambaye su, yaya ke nan idan mutum lafiyarsa ƙalau a sauran al'amura, sai dai akwai abu guda da ya ruɗe a kansa? Suka ce sai a auna shi kamar dai abin da ya ruɗu a kai gaskiya ne. Alal misali, idan ruɗinsa ya nuna masa cewa wani ya taso zai kashe shi, shi kuwa ya riga shi don kare kai, to ba za a hukunta shi ba. Amma idan ruɗin shi ne wane ya ɓata masa suna ko ya cinye masa dukiya, ya je ya kashe shi don ramuwa, hukunci na kansa, domin ko da gaske ne an cuce shi doka ba ta ba shi ikon kisa ba. Masana shari'a da dama sun lura cewa da an auna M'Naghten kansa da ƙa'idojin da ke ɗauke da sunansa, da wuya ya tsira daga rataya.

Rabin gari ba ya haukacewa

Abin da ake nufi da zargin maƙarƙashiya shi ne imanin cewa wasu 'yan tsiraru masu ƙarfi, a ɓoye, su ke ƙulla manyan abubuwan da ke faruwa, kamar annoba ko yaƙi ko faɗuwar darajar kuɗi, kuma suna toshe bakin duk wanda ya gano su. Mai jin irin waɗannan labarai daga nesa yakan ce ai wannan hauka ne. To amma a 2014 wasu masana biyu na Jami'ar Chicago, Eric Oliver da Thomas Wood, sun buga sakamakon binciken ra'ayin jama'a da aka yi tsakanin 2006 da 2011, inda suka sami kimanin rabin Amurkawa sun yarda da aƙalla ɗaya daga cikin irin waɗannan labarai. Cutar sikizofireniya kuwa, wadda ta fi kowace shahara wajen haddasa ruɗi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa tana kama kamar mutum 1 cikin 300. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman nan biyu ta isa ta nuna cewa abu biyu ne daban.

Dalilin da ya sa imanin ya yaɗu haka yana cikin ginin ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Ƙwaƙwalwa gwanar haɗa abu da abu ce, kuma takan yi saurin jingina abin da ya faru ga wani mai niyya. Mafarauci da ya ji motsi a ciyawa, idan ya zaci zaki ne ashe iska ce, asararsa gudun banza ne kawai. Idan kuwa ya zaci iska ce ashe zaki ne, to shi ke nan. Kuskure na farko mai araha ne, na biyu mai tsada, don haka halitta ta fi karkata ga na farkon. A 2008 Jennifer Whitson da Adam Galinsky suka ba da rahoto a mujallar Science cewa mutanen da aka sa su ji al'amari ya kuɓuce daga hannunsu sun fi saurin ganin hoto a cikin ɗige-ɗigen da babu hoton komai a ciki, sun kuma fi zargin ƙulle-ƙulle a cikin labarin da aka ba su. Bincike na baya bai tabbatar da kowane ɓangare na wannan sakamako ba, amma dai an sha lura cewa irin wannan jita-jita ta fi tsiro a lokacin tsoro da annoba.

Sa'an nan kuma, maƙarƙashiya ta gaske tana faruwa, shi ya sa ta ƙarya ke samun kasuwa. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta Amurka ta bar ɗaruruwan baƙar fata a Tuskegee da ciwon tunjere ba magani, don kawai ta ga yadda cutar ke ci. A nan gida, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 bisa zargin an sa maganin hana haihuwa a ciki, mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara wajen 200 a annobar sanƙarau ta 1996 ba. Zargin da aka yi wa rigakafin bai tabbata ba, an koma yi a 2004, cutar kuwa ta riga ta sami damar yaɗuwa zuwa wasu ƙasashe. Amma iyayen da suka ɓoye 'ya'yansu a wancan lokaci ba mahaukata ba ne. Sun ji magana daga bakin mutanen da suka amince da su, kuma in an ciji mutum, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ruɗin ƙwaƙwalwa na cuta yana da wata hanya tasa. Masana sun daɗe da gano cewa sinadarin dofamin, wanda ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo da shi, yana da hannu a ciki. Magungunan da ke kwantar da ruɗi, tun daga kulofuromazin da aka fara ba majinyata a Faris a 1952, galibinsu suna toshe wuraren da dofamin ke sauka ne, ƙwayoyi masu ƙara shi kuma, irin su amfetamin, suna iya jefa lafiyayye cikin zargin ana binsa. A 2003 wani likita mai suna Shitij Kapur ya ba da bayani mai gamsarwa. Ya ce aikin dofamin shi ne sa wa abu alamar muhimmanci, kamar mai cewa duba nan, wannan ya shafe ka. Idan tsarin ya rikice, sai alamar ta riƙa sauka a kan abin da bai kai ya kawo ba. Mota ta wuce sau biyu, maƙwabci ya yi tari, mai karanta labarai ya ɗaga gira, duk sai su zo wa mara lafiya da nauyi mai firgitarwa. Hankalinsa ya shiga neman bayani, bayanin da ya fi dacewa da abin da yake ji kuwa shi ne, ana bibiyata.

Akwai kuma wani gwaji mai sauƙi da aka yi a Ingila a 1988, wanda malamin makaranta zai iya maimaitawa a aji da farin wake da jan wake. Ana nuna wa mutum kwalabe biyu, ɗaya mai ƙwaya 85 fari da 15 ja, ɗaya kuma akasin haka. Sai a ɓoye su a riƙa zaro ƙwaya ɗai-ɗai daga guda, a ce ya faɗi daga wace kwalba ake zarowa idan ya tabbata. An sami masu fama da ruɗi sun fi saurin yanke hukunci, da yawansu bayan ƙwaya ɗaya ko biyu kacal.

Daga nan likitoci suka sami wasu alamomi na rarrabewa. Mai ruɗi yakan kasance shi ne cibiyar labarin, shi ake bi, shi rediyo ke yi wa magana. Mai zargin maƙarƙashiya kuwa labarinsa a kan jama'a ne, wai ana so a hallaka al'ummarsu ko a mallake ƙasarsu. Na farko shi kaɗai ya ƙirƙiro abinsa daga abin da yake ji a jikinsa, har danginsa ma ba su gane shi, na biyu kuwa koya ya yi daga wasu, yana da abokan hira masu gyaɗa masa kai. Bugu da ƙari, ruɗi yakan zo da 'yan rakiya, irin su jin muryoyi, da rikicewar magana, da barin wanka da sana'a. Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya daɗe yana gargaɗin kada a kira imani ruɗi matuƙar abu ne da mutanen al'adar majinyacin suka yarda da shi.

Sai dai wannan ma'auni na ƙarshe ya fara rauni. A zamanin da, wanda ya yarda wai ƙadangaru ne cikin siffar mutane ke mulkin duniya zai wayi gari shi kaɗai a ƙauyensu. Yanzu kuwa intanet za ta haɗa shi da dubban masu irin ra'ayinsa kafin ya gama karin kumallo, har ya zama yana da tasa al'ummar. Haka kuma mai ciwo na gaske yana iya tsintar labarin da ke yawo ya gina ruɗinsa a kai. Babu kuma wani gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da za a ajiye a gaban alƙali a ce ga ruɗi nan. Abin da likita ke da shi shi ne hira da majinyaci, da tarihinsa, da lura da halinsa.

Shari'ar Oslo

Babu inda wannan matsala ta fito fili kamar ƙasar Nowe. Ran 22 ga watan Yuli 2011, Anders Breivik ya tayar da bam a unguwar ofisoshin gwamnati a Oslo ya kashe mutum 8, sa'an nan ya sa kayan 'yan sanda ya tsallaka tsibirin Utoya inda matasan jam'iyyar Leba ke taro, ya kashe 69, akasarinsu 'yan shekara goma sha. Kafin ya fita ya rarraba wata takarda mai shafi kusan 1,500, inda ya yi da'awar cewa shugabannin Turai sun haɗa baki a ɓoye don miƙa nahiyar ga Musulmi. Ya kuma ce shi kwamanda ne a wata ƙungiyar mayaƙa ta asiri, wadda 'yan sanda suka bincika ba su sami alamarta ba.

Kotu ta naɗa likitoci biyu, Torgeir Husby da Synne Sorheim. A watan Nuwamba 2011 suka ce yana da sikizofireniya, kuma yana cikin hauka lokacin da ya yi kisan. A dokar Nowe ta wancan lokaci wannan kaɗai ya isa a ɗauke masa hukunci, ba sai an nuna cewa cutar ce ta sa shi aikata laifin ba. Ƙasa ta ɗauki zafi. Aka naɗa wasu biyu, Agnar Aspaas da Terje Torrissen, aka kuma sa ma'aikatan jinya suka lura da shi dare da rana na tsawon makonni. A watan Afrilu 2012 suka ce ba shi da hauka, abin da ke damunsa mugun hali ne na ganin kai ya fi kowa da rashin tausayi, wannan kuwa ba ya ɗauke alhaki. Mutum guda, likitoci huɗu ƙwararru, amsa biyu masu karo da juna.

Inda aka rabu yana da ban sha'awa. Likitocin farko sun ji yana amfani da wasu kalmomi baƙi, suka ɗauka ƙirƙirarsu ya yi, ƙirƙirar kalmomi marasa ma'ana kuwa sananniyar alama ce ta sikizofireniya. Da ya ce ana yaƙin basasa a Turai, suka rubuta shi a matsayin ruɗi. Amma masana siyasa da suka ba da shaida sun nuna cewa yawancin kalmomin da ra'ayoyin kayan yau da kullum ne a tsakanin masu tsananin ƙin baƙi da Musulmi, har akwai littattafai a kansu, shi ma kwafo sassa da yawa na takardarsa ya yi daga rubuce-rubucen wasu. Likitocin sun san cuta, amma ba su san kasuwar da ya sayo kayansa ba.

Aka kuma sami abin da ba a saba gani ba. Masu gabatar da ƙara suka roƙi kotu ta ɗauke shi mahaukaci, domin a ganinsu akwai shakka, kuma ɗaure mara lafiya ya fi muni a kan kai lafiyayye asibiti. Shi kuwa da lauyoyinsa suka dage cewa hankalinsa garau, don ya san in an kira shi mahaukaci, da'awarsa ta zama surutun banza. Ran 24 ga watan Agusta 2012 alƙalai biyar suka yanke baki ɗaya cewa mai hankali ne, suka ba shi shekara 21, mafi tsawon hukunci a dokar ƙasar a lokacin, da sharaɗin za a iya ci gaba da tsare shi muddin yana da haɗari. Daga baya Nowe ta gyara dokarta a kan hauka, gyaran ya fara aiki a 2020. Wani likita a Amurka, Tahir Rahman, ya yi nazarin shari'ar ya farfaɗo da wani tsohon ra'ayi na Carl Wernicke, Bajamushen likita na ƙarni na 19, cewa akwai imanin da mutum ke ɗora wa nauyi fiye da kima, yana jin daɗinsa, yana raba shi da abokai, har ya mamaye rayuwarsa ya kai shi ga ta'adi, ba tare da ya zama ruɗi ba.

Hukuncin Oslo yana da hujja mai ƙarfi. Da kotu ta ce duk wanda ya yi kisa saboda labarin ƙarya mahaukaci ne, da ta wanke masu yaɗa labarin, ta kuma shafa wa miliyoyin majinyata baƙin fenti, alhali mafi yawansu ba su taɓa cutar da kowa ba. Kotunan Afirka ta Yamma ma sun taɓa fuskantar makamancin wannan. A shari'ar Gadam ta 1954, wani mutum ya kashe wata tsohuwa don ya yi imani maitarta ce ta jawo wa matarsa ɓari da ciwo. An yarda cewa imanin ya yaɗu a cikin jama'arsa, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta ƙi karɓar wannan a matsayin kuskure mai ma'ana, ta tabbatar da hukuncin. Ke nan yaɗuwar imani tana rufe wa mai laifi ƙofa biyu a lokaci guda. Ba ta mai da imanin hujja ba, kuma ita ce shaidar cewa ba cuta ce ta haife shi ba.

Masu tsoron cewa miyagu za su riƙa fakewa da hauka suna iya kwantar da hankali kaɗan. Wani bincike da aka buga a 1991 a kan jihohi takwas na Amurka ya gano cewa a kimanin shari'a 1 cikin 100 ta manyan laifuffuka ake kawo wannan kariya, kuma kamar kashi ɗaya cikin huɗu ne ke cin nasara. Bayan an sallami John Hinckley, wanda ya harbi Shugaba Reagan a 1981, majalisar ƙasar ta ƙara tsaurara dokar a 1984. Wanda ya ci nasarar ma ba gida yake komawa ba. M'Naghten ya shafe shekara 21 a Bethlem, aka mayar da shi asibitin Broadmoor a 1864, a can ya rasu a 1865.

Shari'arsa kuma har yanzu ba ta daina ta da ƙura ba. Ranar da aka kama shi an sami takardar banki ta fam 750 a jikinsa, kuɗi masu yawan gaske ga masassaƙi a wancan zamani. A 1981 wani masani Ba'amurke, Richard Moran, ya rubuta littafi inda ya kawo hujjar cewa M'Naghten ɗan gwagwarmayar siyasa ne, mai yiwuwa da gaske 'yan Tori sun takura masa a Glasgow, kuma kiransa mahaukaci ya fi wa gwamnati sauƙi a kan barinsa ya yi bayani a gaban kotu. Wasu masana ba su gamsu ba, suna ganin shaidar likitocin 1843 ta yi daidai da abin da a yau ake kira sikizofireniya, kuɗin kuwa ana iya cewa na sana'arsa ne da ya sayar kafin ya bar Glasgow.